Jawabin Mushen Lakkol: Yadda Gwamnatin Amurka Take Biyan Manoma In Fari Ya Faɗa



Ranka ya daɗe maigari, Allah gafarta malam liman, iyayenmu dattawa maza da mata, magabatan ƙungiya, da ƴan'uwanmu ƴan bida waɗanda sunka zo daga Yamai da Maradi da Damagaram da Legas da Abijan, da waɗanda wagga takarda za ta iske can inda suke, muna gaishe ku gaisuwa mai yawa. Barkanku da zuwa, barkanmu da ganin juna lafiya.

Komitin ƙungiya ne ya ɗora mana wanga aiki. Tun bayan kaka magana guda ke yawo cikin gari, ga dandali, ga bakin kasuwa, har cikin wayoyin samari. Wai can Amurka in fari ya ci gonar mutum gwamnati ke biyanshi abin da ya yi hasara, shi yana kwance ɗaka. Wasu sun ce tatsuniyar ƴan birni ce. Wasu sun ce gaskiya ce, don mi mu ba a yi mana hakanan? Sai anka ce mushe ya bincika ya zo ya gaya ma jama'a. To, mun bincika. Maganar biya gaskiya ce. Maganar kwanciya ɗaka ita ce ba haka take ba, kuma akwai abubuwa da yawa da mai wayar bai faɗa maku ba.

Amurka tana da jihohi 50. Jihohin an yanka su gunduma gunduma, sunan gundumar ga bakinsu kawunti. Ku ɗauke ta kamar arondisima ta zamanin da, wadda yanzu muke ce ma dapartama. Sun fi 3000, ba mu iya bin su duka, sai munka zaɓi guda mai suna Simaron, can ƙuryar yamma ta jihar Okalahoma, babban garinta Bois Siti. Abin da ya sa munka zaɓe ta shi ne ruwan sama. Abin da suke samu ga shekara milimita 400 zuwa 500 ne, wato kamar abin da ke faɗuwa tsakanin Maradi da Damagaram. Fili ne shimfiɗe, itace kaɗan, iska ba ta hutawa. Suna noman alkama da dawa, suna kiwon shanu. Sanyinsu dai ya fi namu nesa ba kusa ba, har ƙanƙara ke rufe ƙasa. Faɗinta ya zarce kilomita murabba'i 4700, amma ƙidayar 2020 mutum 2296 kaɗai ta iske ciki, ba su kai jama'ar gari guda namu mai kasuwa ba. Ku riƙe wanga adadi, za mu komo gare shi.

Wurin asali makiyaya ce. Ciyawa ce gajeruwa mai saiwa da yawa ta riƙe ƙasar, ɓaunaye na kiwo, mutanen ƙasar na asali suna farauta. Da Turawa sunka kore su sunka zamna, gwamnati ta riƙa yanka ma kowane maigida eka 65. Eka da muke nufi irin tamu ce, mai mita 100 kowane gefe. Lokacin yaƙin duniya na farko alkama ta yi tsada, gwamnati ta lamunce farashin da ya zarce dala 2 ga mudunsu guda, mai cin kilo 27, wato wajen tiya goma sha ɗaya. Dala da za mu riƙa faɗi ta Amurka ce, ba tamu ta tamma biyar ba. Cikin shekarun nan tana yawo tsakanin tamma 550 da 650. Da sunka ga kuɗɗi sai kowa ya ci bashi ya sayi tarakta, sunka kifar da ciyawar nan kaf. Shekarar 1931 alkama ta yi yawa har mudun ya faɗi ƙasa da rabin dala. Bayan nan ruwa ya ɗauke, ya yi ta ɗaukewa shekara bisa shekara har kusan ƙarshen shekarun 1930.

Dattawa kun san abin da iska ke yi ma gonar jigawa wadda anka share ba a bar ko kara ba. Haka ta yi masu, sai dai tasu ta fi. Ƙasar gonaki ta tashi sama. Ran Lahadi 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta taso kamar bango, rana tsaka ta koma dare, mutum bai ganin tafin hannunshi. Har yau suna ce mata Baƙar Lahadi. Wani ɗan jarida da ƙurar ta rutsa da shi kusa da Bois Siti shi ya laƙa ma yankin suna Kwanon Ƙura. Yara da tsofaffi sunka yi ta mutuwa da ciwon huhu, shanu sunka riƙa cin ƙaya, in anka yanka su a iske tumbi cike da rairai. Mutanen Simaron 5408 ne ga ƙidayar 1930. Ga ta 1940 sun koma 3654. Wato cikin mutum uku guda ya ɗaure kaya ya tafi bida. Wanda ya ga 1973 da 1984 da idonshi ba ya bukatar a yi mashi fassarar wanga.

Nan ne biyan ya samo asali. Shugabansu na lokacin, Rusbelt, ya sa hannu ga wata doka a 1933, wadda ke biyan manomi don ya rage filin da yake shukawa, ko farashi ya tashi. Ba don fari anka yi ta ba, amma wurare irin Simaron, inda ko an shuka ba a girbi, takardar bankin nan ita ta zama abincin gida. A 1934 kuma gwamnati ta fito sayen shanun da fari ya kama. Ta sayi sama da miliyan 8, daga dala 4 ga maraƙi zuwa dala 20 ga babbar saniya. Masu sauran ƙarfi anka kai su mahauta, anka zuba naman cikin gwangwani anka raba ma talakawa. Waɗanda sunka rame ƙwarai anka harbe su gaban mai su, anka turbuɗe cikin rami. Akwai dabara guda cikin wanga saye da ta burge mu. Shanu da yawa jingina suke ga banki. Sai anka raba kuɗɗin kashi biyu, kashi guda mai bashi na da hakki ciki, kashi guda kuwa na makiyayi ne shi kaɗai, ba mai taɓa shi. Wanda ya tsara hakanan ya san halin mai bin bashi ranar rabo. Irin wanga saye na bisashe ramammu an yi shi nan ƙasarmu a 2010, makiyayanmu sun san shi.

Kwana goma sha uku bayan Baƙar Lahadi anka kafa ma'aikatar kare ƙasar noma, ƙarƙashin wani masani mai suna Hiyu Benet, anka shiga biyan mutane su yi kunya ta gicciye ma gangare, su bar kara cikin gona, su maida wani fili ciyawa. Asuransin amfanin gona na gwamnati ya biyo a 1938.

Ba za mu gajiyar da ku da jerin dokoki ba, don tun daga nan kusan kowace shekara biyar sai sun sake. Abin da ya kamata ku ji shi ne gardamar da sunka daɗe suna yi tsakanin hanya biyu. Dokar 1973 ta ce a biya manomi kyauta in bala'i ya faɗa. Ba a jima ba anka lura mutane na shuka inda sunka san ba ta yi, don in ta yi nasu, in ba ta yi ba gwamnati ta biya. Sai a 1980 anka ce a'a, kowa ya sayi asuransi, gwamnati ta kama mashi wani sashe na kuɗɗin. Manoma da yawa sunka ƙi saye. Da babban fari ya zo a 1988 majalisa ba ta iya kallonsu ba, ta fidda sama da dala miliyar 3 ta raba. Manomi kuwa ba wawa ba ne. In ya san ranar wuya za a ba shi kyauta, don mi zai sayi asuransi? Don haka anka yi ta ƙara tallafin, a 1994 da 2000, har ya zamana gwamnati ke biyan wajen kashi 60 cikin 100 na kuɗɗin asuransin, manomi ya cika sauran. Kyautar ma ba a daina ba. Watan Disamba 2024 majalisarsu ta ware wajen dala miliyar 21 don hasarar 2023 da 2024, anka shiga biya cikin 2025.

Yanzu bari mu shiga biron da ake biyan, don nan ne maganar kwanciya ɗaka take mutuwa. Ma'aikatar gona tasu tana da biro sama da 2000 cikin gundumomi. Kowane manomi yana da lamba, kowace gona tana da lamba, da hotonta da anka ɗauka daga sama. Kowace shekara bayan shuka sai ya je ya shaida abin da ya shuka, da eka nawa, da ranar da ya shuka. Ga yawancin shukar bazara 15 ga Yuli ne ƙarshen wa'adi. Abin da ya girba ma yana rubuce, na shekara huɗu har zuwa goma, daga nan ake fidda abin da gonar ta saba badawa. In bala'i ya faɗa akwai kwanakin da anka yanka mashi ya kai labari, ga wani tsarin kwana 15 ne. Sai a aiko mai duba gona ya auna. Wanda bai rubuta shuka ba, ko ya bari wa'adi ya wuce, sai ya yi ta faman takardu, wani lokaci ya tashi hannu wofi ko da gonarshi ta ƙone ƙurmus gaban kowa.

Kuma ba duka hasara ake biya ba. Mu yi lissafi irin na ƴan aji shida. Akwai tsari na amfanin da asuransi bai rufe ba. Matakinshi na ƙasa ya ce sai hasara ta zarce rabi, kuma abin da ya zarce rabin ana biyan kashi 55 cikin 100 na farashinshi. A ce gonarka ta saba ba ka dami 100, bana ka samu 20. Rabi shi ne 50. Daga 20 zuwa 50 saura 30. Kashi 55 na dami 30 shi ne 16 da rabi. Kuɗɗin dami 16 da rabi za a ba ka. In ka haɗa da 20 naka kana da 36 da rabi cikin 100. Wanda ya samu dami 55 kuwa, ko da ya yi hasarar 45, ba shi da ko tamma. Mai son a rufa mashi fiye da haka sai ya ƙara kuɗɗi daga aljihunshi tun kafin shuka. Kun ga abin ba ya maida mutum inda yake. Yana dai hana shi saida gona da shanun huɗa, ya kai ga damina ta gaba.

Na makiyaya dabam ne, kuma shi ya fi ba mu mamaki. Tun 1999, kowace Alhamis, masana na jami'ar Nebaraska tare da ma'aikatun gwamnati suna fidda taswirar fari ta ƙasa duka. Mataki biyar gare ta, daga rawaya har ja mai duhu. Bisa dokar 2014, in gunduma ta yi sati takwas jere cikin mataki na uku, makiyayi ya samu biyan wata guda. In ta taɓa mataki na huɗu, wata uku. In ta yi sati huɗu cikin na biyar, wata biyar. Biyan wata kuwa kashi 60 cikin 100 ne na kuɗɗin abincin dabba. An sassauta sharuɗɗan a 2025, amma taswirar ce dai alƙali. Dabbar da bala'i ya kashe, in mutuwar ta zarce wadda anka saba gani kowace shekara, ana biyan kashi 75 na kuɗɗinta, da sharaɗin ka kawo shaida. Kyawon taswira shi ne ba ta san ɗan wane ba, ba a kai mata goro. Aibinta kuma ba ta san iyakar gona ba. In launi ya taɓa kusurwa guda ta gunduma, duk makiyayan gundumar sun shiga, har wanda ciyawarshi ke kore. Maƙwabcinshi na ƙetaren iyaka, mai fili ƙeƙasasshe, sai ya yi kallo.

Kada ku ɗauka kuɗɗin na zuwa da wuri kullum. A 2011 fari mai tsanani ya sake kama Simaron da Tekzas. Ana cikin haka wa'adin dokar makiyaya ya ƙare, ƙarshen Satumba 2011, ƴan majalisa sunka tsaya jayayya. Sai Fabrairu 2014 anka sa hannu ga sabuwa, anka buɗe rubuta suna cikin Afrilu, anka biya bashin baya. Shekara biyu da rabi ke nan. Wace saniya ke jiran ciyawa shekara biyu da rabi? Da yawa sun riga sun saida garkensu da arha, kuɗɗin sunka iske shinge wofi.

To, wa ke cin kuɗɗin? Nan muke roƙon ku kasa kunne. Biyan yana bin eka da yawan amfani da yawan kai na dabba. Bai bin yunwa. Mai eka 2000 da ya yi hasara ya fi mai eka 50 samu sau arba'in, ko da na biyun ne tukunyarshi ba ta hau wuta ba. Ɗan ƙwadago da ke yi masu aiki, wanda in gona ta mutu aikinshi ya mutu, sunanshi bai cikin wanga littafi sam. An sa iyaka, dokar 2014 ta ce kada mutum guda ya zarce dala 125000 ga shekara, wajen tamma miliyan 70. Amma gona guda tana iya zama ta haɗin gwiwa, a rubuta wa da ƙane da mata, kowa da iyakarshi. Tallafin asuransi kuwa ba shi da iyaka. Tun 1933 haka abin yake. Masu manyan gonaki sunka karɓi kuɗɗin rage shuka sunka sayi tarakta, sunka sallami masu noman aro da ke zamne bisa filinsu.

Akwai komiti cikin kowace gunduma, mutum 3 zuwa 11, manoma ke zaɓensu, shekara uku uku. Su ke duba takardu, su ke cewa hasarar wane ta tabbata. Ga ido abin ya yi kyau, mutanen wuri ke hukunta al'amarin wuri. Amma ku tambayi baƙaƙen manoma na kudancin ƙasar. Shekaru da yawa komitocin nan na farare ne zalla. Baƙar fata ya kawo takarda a ce ta ɓace, ko a riƙe ta sai lokacin shuka ya wuce, ko a rage mashi adadin abin da gonarshi ke badawa. A 1920 baƙaƙen manoma sun zarce 900000. Yanzu ba su kai 50000 ba. Ba komiti kaɗai ya jawo haka ba, amma da hannunshi ciki. A 1997 wani manomi mai suna Timoti Pigfod, da wasu ɗaruruwa, sunka kai ma'aikatar gona ƙara. A 1999 anka yi sulhu, yawancin waɗanda sunka ci anka ba su dala 50000 kowane, a 2010 anka ƙara ware dala miliyar 1 da miliyan 250 don waɗanda sunka makara. Da yawa lokacin sun tsufa, gonar ta daɗe da fita hannu. Zaɓe kaɗai bai sa komiti ya yi adalci, sai an duba wa ke ciki, wa ke waje.

Ɓarna ma akwai. Masu binciken kuɗɗin gwamnati sun fidda rahoto a 2007 cewa tsakanin 1999 da 2005 an biya dala miliyar 1 da miliyan 100 da sunan mutane sama da 170000 da sunka riga mu gidan gaskiya. Wani sashe hakkin magada ne, amma kashi 40 cikin 100 na kuɗɗin ya tafi ga sunayen da sunka shekara uku ko fiye cikin kabari. Wani abin har da ban dariya. A 2003 kumbonsu mai suna Kolombiya ya tarwatse sama, tarkacen ya zubo bisa wasu gundumomin Tekzas, anka rubuta su cikin masu bala'i don a tsince tarkacen. Da yake dokar tallafin makiyaya ta lokacin ta ce duk gundumar da anka rubuta cikin bala'i ta shiga, sai masu shanu na wurin sunka karɓi kuɗɗin fari, alhali ba fari.

Ƙaƙa munka san wanga duka? Don suna da doka tun 1966 wadda ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun gwamnati. Da ita wata ƙungiya mai zaman kanta, EWG, ta karɓo sunaye, a 2001 ta baza su bisa intanet, gunduma gunduma, kowa da abin da ya karɓa. Manoma sun ji haushi ƙwarai, don maƙwabci ya ga na maƙwabci, mai bin bashi ya ga na wanda yake bi. Ga lissafin ƙungiyar, cikin kuɗɗin tallafin farashi, mutum goma na sama cikin ɗari sun kwashe wajen kashi uku cikin huɗu. Sunayen masu cin tallafin asuransi kuwa doka ta hana a bayyana su. Mu dai ga ganinmu, baza sunayen nan ya fi dokoki da yawa amfani.

Saura tambayar samari, don mi ba a yi mana hakanan? Amsar lissafi ce kafin ta zama ta siyasa. Can masu zama bisa gona ba su kai mutum 2 cikin 100 ba. Mutum 98 masu biyan lampo daga masana'antu da kantuna da birori su ke ɗauke da biyun nan, ba su ko jin nauyi. Nan ƙasarmu wajen mutum 80 cikin 100 noma da kiwo ne abincinsu. Ashirin ba su ɗaukar tamanin. Dala miliyar 21 da munka faɗa ɗazu, in an juya ta, ta kai tamma miliyar 12000. Kasafin kuɗɗin Nijar duka na 2025, da albashi da asibiti da soja da lakkol, wajen miliyar 3000 ne. Kyautarsu guda ta ninka shi huɗu. Shi ya sa tamu hanya ta zama ta hatsi. An kafa OPVN a 1970, ana saida cimaka da rahusa, ana rabon kyauta inda abin ya yi tsanani, kuma bayan kowace damina ana rubuta garuruwan da giɓinsu ya kai rabi. Asuransi ma an gwada, amma na ƙasa ne ba na maigida ba. Bayan daminar 2014 asusun ARC na Tarayyar Afirka ya biya Nijar wajen dala miliyan 3 da rabi. Wannan bai hana talaka tambayar hukuma inda rabonshi ya tsaya ba, hakkinshi ne. Amma duk wanda ya zo neman ƙuri'a ya ce zai biya kowa damin da ya rasa, ku ce ya yi maku lissafin bisa allo.

Iyayenmu, akwai wata igiya da ta haɗa ku da filayen nan ba ku sani ba. Jar dawar taimako da kunka ci a 1973 da 1974, wadda kunka ce tuwonta bai kwana, yawancinta daga Amurka ta fito, kuma filayen Kansas da Tekzas da Okalahoma su ne gidan dawa can. Da kunka ce kamar ta dabbobi ce ba ku yi ƙarya ba, can yawancinta bisashe ake ba. Dokar 1954 ce ta ba gwamnatinsu damar kwashe rarar manomanta ta aika waje. Ta ceci rayuka nan, ba mu mance alheri ba. Amma ta kuma share masu rumbuna ta riƙe masu farashi. Shi ya sa a 2025, da anka rufe ma'aikatarsu ta taimakon ƙasashen waje, manoman dawa na Kansas suna cikin waɗanda sunka fara kuka.

Mun ce ku riƙe adadi guda. Shekara casa'in ana zuba kuɗɗi cikin Simaron, na fari, na asuransi, har da na barin gona ta koma ciyawa shekara goma, wanda anka fara da dokar 1985. Ƙurar ta ragu, gonaki sun tsaya. Mutane kuwa daga 5408 sun koma 2296. Gonar da gida goma ke ci da, yanzu mutum guda ke noma ta da inji, samarinsu suna birane. Ku ƴan bida, kuna da ƴan'uwa can. Bambancin shi ne nasu in sun tafi ba a jiran saƙonsu kafin a ɗora tukunya. Nan kuwa, in za a faɗi gaskiya, asuransin garin nan ku ne. Jika biyar da jika goma da kuke aikowa ta waya cikin Yuli da Agusta su ne biron biyanmu.

Don haka ne muke kawo shawara guda gaban taro, wadda ba ta bukatar miliyar. Ƙungiya ta sayi babban kaye. Bayan kowace kaka a rubuta kowane gida, damman hatsi da dawa da buhun wake da ya samu, da bisashen da sunka mutu, da ranar da ruwa ya fara da ranar da ya ɗauke. Gamanar mata a rubuta ta da sunan mai ita, kada a cusa ta cikin gandu. Mai noman aro da mai jingina a rubuta su da sunansu, don su ne sunka zuba iri. Cikin masu rubutun a sa mace, a sa mutum guda daga ruggar Fulani da zangon Buzaye na bakin gari. Mai riƙe alƙalami kada ya riƙe makullin magaza. In an gama a karanta da ƙarfi ƙofar maigari, mai gyara ya yi gyara nan take. Ranar da ma'aikata sunka zo ƙidayar giɓi, ko ku ƴan bida kunka haɗa kuɗɗin buhuna, da kayen za a yi aiki.

Mun san abin da ke ran dattawa. Ba a faɗin abin da ke cikin rumbu, kuma duk inda anka ga alƙalami ana tuna lampo da jangali. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa muke cewa kayen ya zamna hannun ƙungiya, kada ya fita gari sai da yardar taro, kuma wanda bai so a rubuta shi ba bana a ƙyale shi, ya ga yadda ta kaya ga maƙwabtanshi. Mu malaman lakkol mun ɗauki aikin jan layi da haɗa lissafi kyauta, ran Alhamis da marece da ran Lahadi.

Maganar tana hannunku, ranka ya daɗe. Muna roƙon a yanke ta kafin ƴan Legas da Abijan su hau mota ran kasuwa, don su san abin da za su gaya ma sauran. Yanzu ma'aji zai karanta kuɗɗin da sunka shiga da waɗanda sunka fita. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya.